Ka canza madabod, Windows ya ce bai san ka ba: yadda lasisin manhaja yake aiki

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane da yawa suka shiga canza kayan cikin kwamfutocinsu don su samu hawa Windows 11, shi kuma 11 ɗin yana da sharuɗɗansa, sai kwamfuta tana da TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro da ke ajiye makullan sirri, furosesa kuma ya zama Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Sabon furosesa kuwa yawanci ba ya zama a kan tsohon madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa, saboda soket ɗinsu, wurin da furosesa ke zama, ba ɗaya ba ne, toh dole a canza madabod ɗin, wani lokacin har da RAM. An gama ɗaurawa, an kunna, fayiloli suna nan, hoton fuskar sikirin ma yana nan yadda aka bar shi, sai ga wani rubutu dishi-dishi a ƙasa ta hannun dama yana cewa Activate Windows. Mutum ya shiga Settings ya ga wata lamba kamar 0xC004F211 ko 0xC004F213, alhali jiya-jiya Windows ɗin nan lafiyarsa ƙalau kuma ba na sata ba ne.

A nan ne tambayoyi suke tasowa. Wai ba ni na saya ba? Me ya haɗa ƙarfen da na canza da manhajar da na biya wa kuɗi? Kuma me ya sa wani ya canza nasa bai ga komai ba, wani kuma aka ce sai ya sake saye?

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Akwai lasisi, akwai ki, akwai kuma aktibeshan, kuma yawancin ruɗanin daga haɗa su wuri ɗaya yake fitowa.

Lasisi shi ne izinin amfani. Wannan doguwar yarjejeniyar da ake danna Accept a kanta ba tare da an karanta ba, a cikinta aka rubuta ƙarara cewa ba sayar maka da manhajar aka yi ba, izini aka ba ka ka yi amfani da ita a kan sharuɗɗa. Manhajar tana nan mallakin kamfanin da ya yi ta.

Ki shi ne lambar nan mai haruffa da lambobi 25, rukuni biyar kowanne da biyar. Shaida ce ta cewa kana da lasisi, amma ba ita ce lasisin ba, kamar yadda riƙe makullin ɗaki ba ya nufin ɗakin naka ne.

Aktibeshan kuma shi ne tantancewar da ake yi tsakanin kwamfutarka da sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu da ake kaiwa ta intanet. Kwamfuta tana duba kayan cikinta ta haɗa wata lamba da ke wakiltarta, kamar zanen yatsa, ta tura tare da ki ɗin, saba ta duba ta ce eh ko a'a. Abin lura shi ne lasisi da aktibeshan ba kullum suke tafiya tare ba. Mutum zai iya kasancewa da halastaccen lasisi amma saba ta ƙi shi saboda zanen yatsan ya canza, wani kuma sabar ta karɓe shi alhali ki ɗin da ya saya an ciro shi ne daga wani wurin da bai halatta a sayar masa ba. Rubutun da ke cewa Windows is activated yana nufin injin ya gamsu ne kawai, bai ce yarjejeniya ta cika ba.

## Inda abin ya samo asali

Kafin 2001 babu wannan wahalar. Windows 98 ko Windows 2000 in kana da faifan CD da ki ɗinsa, ko kwamfuta ɗari ka sa wa babu mai sani. Da Office XP da Windows XP ne a 2001 Microsoft ya fara tilasta aktibeshan ga kowa da kowa, kuma dalilin da ya bayar shi ne yawan ba da aron faifai tsakanin 'yan uwa da abokai da ƙananan ofisoshi, mutum ɗaya ya saya goma su amfana.

Tsarin XP ya cancanci a ɗan tsaya a kansa don shi ne ya nuna yadda tunanin yake. Yana duba abubuwa goma a cikin kwamfuta: katin hoto, katin netwok da lambarsa ta MAC, yawan RAM, irin furosesa da lambarsa, had dis da lambar da ake ba shi lokacin fomatin, na'urar CD, da mahaɗan IDE da SCSI. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai a yi wani abu kamar zaɓe, kowane abu da bai canza ba yana da ƙuri'a ɗaya, katin netwok shi yana da uku, in ƙuri'un eh suka kai bakwai shikenan kwamfutar ita ce dai. In ba su kai ba sai a ce ka sake aktibeshan. Sabon instolin yana da kwana 30 kafin ya kulle, wanda ba shi da intanet kuma sai ya kira waya ya karanto wata doguwar lamba a karanto masa wata ya rubuta, waɗanda suka yi wannan zamanin ba su manta ba.

Daga nan aka yi ta ja-in-ja. A 2006 da Windows Vista zai fito, yarjejeniyar farko ta ce sau ɗaya tak za ka iya mayar da lasisin da ka saya zuwa wata kwamfutar, masu haɗa kwamfuta da kansu suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare Microsoft ya janye. Haka aka sake yi da Office 2013, aka ce ya liƙe wa kwamfutar farko har abada, a watan Maris na 2013 aka sake janyewa aka ce za a iya mayarwa amma ba fiye da sau ɗaya a kwana 90 ba sai in na'urar ce ta lalace. Kullewar nan ma an sassauta ta, Windows 10 da 11 in ba a yi musu aktibeshan ba suna ci gaba da aiki, rashin aktibeshan ba ya hana su afdet, abin da ake hana ka shi ne canza hoton sikirin da launuka, sai kuma wancan rubutun da ba ya gushewa.

## Lasisin naka wane iri ne?

A nan gizo yake saƙar. Windows ɗin iri ɗaya ne a ido, amma hanyar da aka samo shi ita ke yanke hukunci.

Na farko OEM, wato wanda ya zo a cikin kwamfuta daga masana'anta irin su HP, Dell ko Lenovo. Su waɗannan kamfanonin suna sayen lasisi da yawa a kan rahusa, sharaɗin rahusar kuwa shi ne lasisin na wannan kwamfutar ne ita kaɗai, tare za su rayu tare za su mutu. In ka sayar da kwamfutar lasisin ya bi ta, in ta ƙone ya tafi da ita. A zamanin Windows 7 da kafinsa ki ɗin yana kan wata sitika a ƙasan laftof ko a gefen akwatin destof, wadda kan goge har a kasa karantawa. Daga Windows 8 a 2012 aka daina rubuta ki a sitika, aka koma dasa shi a cikin BIOS na madabod ɗin kansa, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau. Shi ya sa za ka yi wa laftof fomatin sau goma bai taɓa tambayarka ki ba, yana karantowa ne daga ciki. Kuma shi ya sa in aka cire madabod ɗin, ki ɗin ya fita tare da shi a zahiri, ba wai a takarda kaɗai ba.

Na biyu Retail, wanda mutum ya saya daban, ko a kwali ko ta shagon Microsoft na intanet. Ya fi tsada, kuma abin da ƙarin kuɗin ya saya maka shi ne 'yancin ƙaura. Za ka iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta ka kai sabuwa matuƙar ka cire shi daga tsohuwar, kwamfuta ɗaya a lokaci ɗaya.

Na uku Volume, na ma'aikatu da makarantu da manyan kamfanoni. Shi ma kashi biyu ne. Akwai MAK, ki ɗaya mai adadin aktibeshan da aka ƙayyade, kowane amfani yana rage ɗaya. Akwai KMS, inda ma'aikatar take da sabarta a cikin gida, kwamfutocin ma'aikata suna gaishe ta lokaci-lokaci, kowace gaisuwa tana ba su kwana 180, in kwana 180 suka wuce ba su ga sabar ba sai aktibeshan ɗin ya faɗi. Wannan lasisin na ma'aikatar ne, ba na ma'aikaci ba kuma ba na wanda ya sayi kwamfutar a hannu ba.

Sanin wanda kake da shi ba wuya. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta slmgr /dli ka danna Enter, wani ɗan akwati zai fito, a layin Description za ka ga OEM_DM channel ko RETAIL channel ko VOLUME_KMSCLIENT channel ko VOLUME_MAK channel, a ƙasa kuma ga haruffa biyar na ƙarshen ki ɗin. Amma a yi hattara da abu ɗaya, kwamfutar da ta hau Windows 10 ta hanyar afgired ɗin kyauta takan nuna RETAIL ko da asalinta OEM ce, don haka ganin kalmar kaɗai bai isa hujja ba, sai ka tuna yadda aka yi Windows ɗin ya shigo kwamfutar tun farko.

## Me ya sa madabod, ba RAM ko had dis ba?

Tsohuwar tambaya ce, gatarin da aka canza masa ƙota bara, bana aka canza ƙarfen, shin shi ne gatarin da ko wani ne? Kwamfutar tebur haka take, komai na cikinta ana iya cirewa a sa wani, to dole kamfanin manhaja ya zaɓi abu ɗaya ya ce wannan shi ne kwamfutar. Microsoft ya zaɓi madabod, don shi ne komai ke hawa kansa, shi ke ɗauke da BIOS da lambobin shaidar na'urar, yawanci har katin netwok a jikinsa yake.

A aikace, ƙara RAM, canza katin hoto, cire had dis a sa SSD, duk waɗannan a Windows 10 da 11 ba kasafai suke taɓa aktibeshan ba, ko da an yi sabon instolin a kan sabon SSD ɗin, da an hau intanet zai dawo da kansa. Canza furosesa shi kaɗai a kan madabod ɗin da yawanci yana wucewa lafiya, duk da ana samun waɗanda abin ya tayar musu. Microsoft bai taɓa bayyana ainihin lissafin da yake yi a yanzu ba kamar yadda aka san na XP, kuma dalilin a fili yake, in an san lissafin an san yadda za a kauce masa. Amma canjin madabod kam, shi kamfanin da kansa yake kawowa a matsayin misalin babban canji.

Akwai togaciya guda ga masu OEM. In madabod ya lalace ne aka musanya shi da irinsa ko makamancinsa daga masana'anta, musamman a ƙarƙashin waranti, ba a ɗaukar wannan a matsayin sabuwar kwamfuta, gyara ne. In kuwa lafiyarsa ƙalau ka cire don kana son wanda ya fi shi ƙarfi, a wurin yarjejeniyar ka haɗa sabuwar kwamfuta ne ko da akwatin da faifan da fankar duk na da ne.

## Lasisin dijital da akawun ɗin Microsoft

Da Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli 2015 an ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta na shekara ɗaya, kuma waɗanda suka hau ba a ba su sabon ki ba. Abin da aka yi shi ne sabar Microsoft ta ajiye zanen yatsan kwamfutar ta rubuta cewa wannan na'urar tana da izinin Windows 10 Home ko Pro. Wannan shi ake kira lasisin dijital. Ki ɗin da ke cikin irin wannan kwamfutar na gama-gari ne, miliyoyin mutane iri ɗaya gare su, na Pro yana ƙarewa da 3V66T. Mutane sukan sa wata 'yar manhaja ta ciro musu ki su rubuta a takarda su adana suna ganin sun yi dabara, ranar da suka canza madabod suka shigar da shi sai su ga bai yi komai ba, don dama ba nasu ba ne.

Matsalar da ta fito nan take ita ce in lasisi a zanen yatsa yake, kuma zanen yatsan ya canza, da me za ka nuna kai ne? Amsar ta zo a watan Agusta 2016 da fitowar siga ta 1607, aka ba da damar ɗaura lasisin dijital a kan akawun ɗin Microsoft, aka kuma kawo Activation Troubleshooter. In ka shiga Settings wurin Activation ka ga an rubuta cewa Windows yana da lasisin dijital wanda aka haɗa da akawun ɗinka na Microsoft, to an ɗaura. In rubutun ya tsaya a lasisin dijital kawai bai ambaci akawun ba, ba a ɗaura ba, kuma ɗaurawar kafin a kwance kwamfuta ake yin ta ba bayan an kwance ba.

Bayan canji sai ka shiga da akawun ɗin nan, ka danna Troubleshoot, ka zaɓi I changed hardware on this device recently, jerin na'urorinka zai fito ka nuna wadda kake kai yanzu. Sharuɗɗan su ne kana kan intanet, akawun ɗin na admin ne, kuma sigar Windows ɗin iri ɗaya ce da ta da, mai lasisin Home da ya yi instolin ɗin Pro ba zai wuce ba ko ya kwana yana dannawa, wannan kuskuren kuwa ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Akwai kuma iyaka ga yawan sau nawa za a yi hakan. Sannan akawun ba ya mayar da OEM ya koma Retail, wasu masu OEM sukan dace abin ya wuce musu, wasu a ƙi, dacewar ba haƙƙi ba ce da za a yi ƙorafi a kanta.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi ya faru a watan Satumba 2023. Duk da an ce kyautar ta ƙare tun 2016, shekara bakwai ki ɗin Windows 7 da 8 yana ci gaba da kunna Windows 10 da 11, sai a wannan watan Microsoft ya rufe ƙofar. Wanda ya riga ya hau yana nan da aktibeshan ɗinsa a kan na'urar da ya hau da ita, amma waɗanda suka canza madabod bayan nan, wasu ma afdet ɗin BIOS kawai suka yi, an samu da yawa da suka ce lasisin ya faɗi kuma tsohon ki ɗin Windows 7 da suke dogaro da shi ya daina karɓuwa. Mai tsohuwar kwamfuta da ya taso da ita tun daga 7 shi ya fi kowa zama a bakin wannan ramin.

## Ba Windows kaɗai ba

Kowace manhajar kuɗi da nata salon ɗaurin. Office na saye sau ɗaya, irin 2019 da 2021 da 2024, kwamfuta ɗaya yake, yawanci a ɗaure da akawun ɗin da aka fara shigar da ki ɗin. Microsoft 365 na biyan wata-wata ko shekara shi mutum yake bi ba na'ura ba, za ka iya kasancewa a ciki a na'ura biyar lokaci guda, canjin madabod ba ya dame shi illa ka sake shiga. Adobe yana barin kwamfuta biyu, in za ka shiga ta uku sai ya ce ka fita daga ɗaya.

Masu haɗa sauti da masu zanen gine-gine sun san wata hanyar, lasisi a cikin ɗan ƙaramin USB irin iLok, duk kwamfutar da ka soka shi ta zama mai lasisi. Canjin kayan ciki ba ya shafarsa, sai dai in ya ɓata ko ya karye aiki ya tsaya cak. Wasu manhajojin kuma suna ɗaure kansu da lambar MAC ta katin netwok ko lambar had dis, su ne waɗanda canjin SSD kaɗai zai iya kashewa duk da Windows bai ce uffan ba, kuma da yawansu suna so ka danna Deactivate a tsohuwar na'ura tukuna kafin gurbin ya dawo maka.

A wasannin kwamfuta, kariyar hana satar wasa mai suna Denuvo tana barin na'ura biyar daban-daban a cikin awa 24, masu gwada kayan kwamfuta da ke canza furosesa sau da yawa a rana sukan ci karo da ita. A 2021 da Intel ya fito da furosesa ƙarni na 12 mai ƙwayoyi iri biyu a ciki, manya da ƙanana, kariyar wasu wasannin ta ɗauka kwamfuta biyu ce take gani ta ƙi buɗewa, sai da aka yi ta fitar da gyara. A ɓangaren ma'aikatu kuma, tun daga Windows Server 2016 da yawan ƙwayoyin furosesa ake lissafa lasisi, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba, don haka sa furosesa mai ƙwayoyi da yawa yana nufin ƙarin lasisi ko da babu wani rubutu da ya fito a sikirin.

macOS ba shi da ki sam, kyauta ake ba da shi tun 2013, amma yarjejeniyarsa ta ce a kan na'urar Apple kaɗai, kuɗin yana cikin ƙarfen kenan. Linux irin su Ubuntu da Mint babu aktibeshan gaba ɗaya, ka cire faifan daga wata kwamfutar ka sa a wata babu mai tambayarka.

## Me kowane ɓangare yake cewa?

Hujjar kamfanoni ba ta da sarƙaƙiya. Manhaja ba kamar kujera ba ce, kwafinta ba ya cin komai, in babu abin da zai ƙirga na'urori to lasisi ɗaya zai wadaci gari guda. Game da OEM kuma suna cewa ai an rage maka kuɗi ne saboda wannan sharaɗin, wanda yake son 'yancin ƙaura ga Retail nan. Suna ƙarawa da cewa zanen yatsan da ake turawa lamba ce da aka dunƙule, ba a iya warware ta a gane ainihin abin da ke cikin kwamfutar.

Masu suka suna cewa wahalar a kan mai gaskiya take sauka, mai amfani da kirak, wato dabarar fasa kariyar manhaja, ba ruwansa da saba balle ta ƙi shi. Suna cewa yawancin masu sayen kwamfuta ba a taɓa gaya musu bambancin OEM da Retail a wurin saye ba, sai ranar da abin ya faru. Masu fafutukar 'yancin gyara suna ganin ɗaure manhaja da ƙarfe yana tura mutane su yar da na'urar da za ta gyaru. Sai kuma babbar damuwar, in sabar ta mutu fa? Wannan ba hasashe ba ne, Adobe ya kashe sabar aktibeshan ta tarin manhajojinsa na CS2 a ƙarshen 2012, sai da ya fitar da wata siga da ba ta buƙatar saba don waɗanda suka saya su iya sake instolin. Ba kowane kamfani ne yake yin haka ba, wani rufewa yake yi gaba ɗaya.

Kotuna ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A Amurka, a shari'ar Vernor da Autodesk ta 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya karɓi manhaja a kan irin wannan yarjejeniyar mai izini ne ba mai mallaka ba, don haka ba shi da ikon sayarwa in yarjejeniyar ta hana. A Turai kuwa, ranar 3 ga Yuli 2012, kotun Tarayyar Turai a shari'ar UsedSoft da Oracle ta ce lasisin da aka saya na dindindin ana iya sake sayar da shi ko da saukewa aka yi ta intanet, da sharaɗin mai sayarwa ya lalata kwafinsa kuma ba a farfasa lasisin rukuni a sayar gutsi-gutsi. A Jamus tun shekarar 2000 babbar kotun tarayya ta ce Microsoft ba zai iya hana 'yan kasuwa sayar da kwafin OEM ba tare da kwamfuta ba. Ma'ana abin da yarjejeniya ta rubuta da abin da doka ta yarda da shi ya danganta da ƙasar da aka yi sayen. Sai dai waɗannan hukunce-hukuncen a kan saye na dindindin suke, kuma tun da Adobe ya koma biyan wata-wata zalla a 2013 sauran kamfanoni suke bin sahu, shi kuwa haya ba a sake sayar da ita. Tsarin biyan wata ya kashe matsalar canjin madabod, ya kawo wata, ranar da ka daina biya ranar aiki ya tsaya.

## Yadda abin ke shafar mai kwamfuta

Mai sayen kwamfuta ta hannu shi ne na farko. In ta fito daga wata ma'aikata da KMS a kanta, za ta nuna komai daidai a ranar saye, bayan 'yan watanni rubutun ya fito kuma babu sabar da za ta gaisar. Umarnin slmgr /xpr yana nuna ko aktibeshan ɗin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa, minti ɗaya ne a gaban mai sayarwa. Sau da yawa ma irin wannan kwamfutar tana da nata ki ɗin na OEM a cikin BIOS, in aka yi sabon instolin na sigar da ta zo da ita sai ta kunna kanta ba tare da an sayi komai ba.

Sai masu sayen ki mai arahar banza a intanet. Wasu daga cikinsu MAK ne da aka ciro daga ma'aikatu ana sayar wa mutum ɗari, wasu na shirin masu rubuta manhaja ne ko na ɗalibai, wasu OEM ne. Yawanci suna aiki a karon farko, wanda shi ke sa mutum ya saki jiki, amma a canjin madabod ne asirinsu yake tonuwa, ka sake shigarwa a ce maka 0xC004C008, wato an riga an yi amfani da shi har ya ƙure, ko 0xC004C003 wanda kan nuna an toshe shi. Araha ba ta ado, kuma a nan babu rasit ɗin da za ka nuna wa Microsoft. Kirak kuwa da yawansu KMS na bogi suke dasawa a cikin kwamfutar, kuma kafin su shiga sai an kashe antibairos an ba su ikon admin, ƙofar da aka buɗe musu ba a san me kuma ya bi ta ba.

Mai gyara shi ma yana ciki. In ya sa wa laftof madabod ɗin da ya ciro daga wata, ki ɗin waccan ne zai biyo, in waccan Home ce wannan kuma Pro aka yi mata instolin sai su ƙi jituwa, kwastoma kuma ya ɗauka mai gyaran ne ya lalata masa Windows.

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, abin da ya kamata a yi bai da yawa: a duba irin lasisin da sigarsa, a ɗaura shi a akawun, a nemo ki na asali da rasit ko imel ɗin saye, a fita daga duk manhajar da ke ƙirga na'urori. Akwai kuma wani abu da ba lasisi ba ne amma a rana ɗaya suke tashi kuma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba, wato BitLocker. Shi yana rufe faifai ne ya ajiye makullin a cikin TPM, TPM ɗin kuwa yana kan madabod ko a cikin furosesa, in aka canza su makullin ya tafi. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan rufin a kunne ba tare da mai su ya sani ba, kuma daga Windows 11 siga ta 24H2 sabon instolin ma yakan kunna shi da kansa in aka shiga da akawun ɗin Microsoft. Wanda bai dakatar da shi ba kafin canji, maimakon ƙaramin rubutu a kusurwa zai tarar da shuɗin sikirin yana neman lamba mai alƙaluma 48. In an ajiye ta a akawun ɗin Microsoft za a iya ɗaukowa ta waya a shigar a wuce, in a ma'aikata ne tana wurin masu kula da kwamfutoci, in kuwa babu ta a ko'ina, Microsoft da kansa ba shi da yadda zai buɗe faifan, abin da ya rage shi ne fomatin da duk abin da ke ciki.